Gani ko ji: matsayin darasin kimiyya na intanet a makarantun ƙasar Kurfai

Dandalin koyar da kimiyya na intanet ma'ajiya ce ta darussa da aka tara wuri guda domin malami da ɗalibi. A ciki akwai bayani a rubuce, da zane-zane, da bidiyo, da tambayoyin bita. Akwai kuma abin da ya fi ɗaukar ido, wato gwajin kwaikwayo: ɗalibi ya sa yatsa a fuskar wayar hannu ko kwamfuta, ya jawo batir, ya haɗa shi da ƙwan lantarki, ƙwan ya kama, alhali babu batir babu ƙwai a gabansa. Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne PhET, wanda masanin fiziya Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Kolorado ta Amurka a 2002, shekara ɗaya bayan ya karɓi kyautar Nobel. Khan Academy an kafa shi a 2008, kuma an fassara darussansa zuwa Faransanci. Shafin La main à la pâte ya fito ne daga shirin da Georges Charpak da abokansa suka soma a Faransa a tsakiyar shekarun 1990 domin malaman firamare. Manhajar Kiwix kuwa tana ba da damar a kwafe Wikipedia a buɗe ta inda babu rezo. Ba a biyan ko dala kafin a shiga waɗannan, kuma da yawa daga kayansu ana iya sauke su sau ɗaya a birni, a tafi da su ƙauye a katin waya.

Tambayar da waɗannan kaya ke tayarwa ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Wane irin sani ne mutum ke samu daga abin da aka nuna masa a allo, kuma da wane ma'auni ake karɓarsa? Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Wahalar gwajin kwaikwayo ita ce da ido ake karɓarsa amma asalinsa labari ne, kuma amfaninsa da illarsa duka sun rataya ga a san wannan ko a manta da shi.

A ƙasar Kurfai tambayar tana fitowa fili. Filinge, babban garin ƙasar, tana kusan kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a gefen Dallol Boso, tsohon kwarin kogi da ya ƙafe tun dubban shekaru, wanda ya gangaro daga Azawak ya nufi kogin Isa. Kurfayawa Hausa ce harshensu, maƙwabtansu su ne Zabarmawan Tondikandiya da Buzayen Imanan da Fulani makiyaya, kuma kasuwar Lahadi ta Filinge ita ke haɗa su. Karatun lakwal kuwa da Faransanci ake yin mafi yawansa. Kolejin ƙauye a wannan yanki, kamar a sauran karkarar Nijar, galibi ba shi da ɗakin gwaje-gwaje, wani ajin ma na zana ne, kuran kuma ba ko'ina ya kai ba. Mushen fiziya yana zana ma'aunin wuta a allo da alli, yara su kwafa, su haddace, su juye a takardar jarrabawar BEPC, ba tare da ɗayansu ya taɓa riƙe ma'aunin a hannu ba. A irin wannan hali waya ɗaya mai ɗauke da gwaje-gwajen kwaikwayo, da ƙaramin faifan sola na yi mata caji, babbar riba ce, kuma wanda ya raina ta bai shiga ajin ba.

Nijar ta taɓa gwada koyarwa ta allo tun ba a san intanet ba. A 1964 aka soma talabijin na makarantu a Yamai da taimakon Faransa. Ana shirya darasi a ɗakin ɗaukar hoto, a watsa shi zuwa azuzuwa, inda mai kula da yara wanda bai yi dogon karatu ba yake kunna akwatin ya kuma yi musu bita. Masana tarbiyya daga ƙasashe da dama sun yaba da shirin, amma bai kai ga mafi yawan yaran ƙasar ba, kuma a ƙarshen shekarun 1970 aka naɗe tabarmarsa, kayan aikin suka koma na gidan talabijin na ƙasa. Shirin ya tafi, tunanin da ke ƙarƙashinsa bai tafi ba: cewa allo mai kyau zai iya cike gurbin malami ƙwararre. Duk lokacin da sabuwar na'ura ta zo, sai ya sake ɗago kai.

Maganar halaccin koyon kimiyya a addini ba ta buƙatar dogon tsayawa, domin magabata sun gama ta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda al'umma duka ke da laifi idan aka rasa mai yin su. Ya kuma gargaɗi mai kishin addini da ke ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare Musulunci, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkarsa ba, sai dai ya koma yana shakkar addinin. Muhammad al-Katsinawi, da ya rasu a Alƙahira a 1741, da rubutu kan lissafi aka san shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani. A cikin jihar Tillaberi kanta, inda Filinge take, garin Sayi ne ya karɓi madarasar farko ta gwamnati mai haɗa Larabci da Faransanci a 1957, can ne kuma Jami'ar Musulunci ta buɗe a 1986. Masu ƙin irin wannan ilimi gaba ɗaya suna nan, kuma an ga ƙarshen hanyarsu. Muhammad Yusuf na Maiduguri ya faɗa wa BBC a 2009 cewa bai yarda duniya ƙwallo ce ba, bai kuma yarda ruwan sama daga tururi yake ba, alhali Ibn Hazm na Andalus, da ya rasu a 1064, ya riga ya kafa hujja kan cewa duniya a kewaye take, ya ce manyan malamai ba su musanta ba. Batun hoto ma da sauƙi a mazhabar Malikiyya, wadda ta raba tsakanin gunki mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda. Zanen zuciya ko na ƙoda a darasi ba nan gardamar take ba.

Gundarin maganar yana cikin littattafan tauhidin da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun ƙarnuka. Shaihu Muhammad Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahina, wanda ya rasu a 1490, ya kasa hukunci gida uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Na shari'a daga wahayi ake samunsa. Na hankali ba ya jiran gwaji, kamar sanin cewa ɗaya rabin biyu ne. Na al'ada kuwa shi ne a ga abu yana bin abu sau da yawa har a ƙulla alaƙa tsakaninsu, wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, wuƙa da yanka, tare da sanin cewa alaƙar tana iya saɓawa. Masanin falsafa David Hume na Sikotland ya zo da magana mai kama da wannan bayan shekara 250 ko kusa da haka, Turai ta ɗauke ta sabon abu. Kimiyyar gwaji kusan dukanta a wannan gida na uku take zaune. Cewa ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku ba nassi ne ya kawo shi ba, ba kuma za a gano shi da tunani a zaune ba. An ɗora tukunya ne an auna, an sake aunawa, wani a wata ƙasa ya auna ya samu haka. Maimaituwa ita ce hujjarsa, kuma wadda ake nufi ita ce maimaituwar halitta kanta.

A nan ne gwajin kwaikwayo ya bambanta da gwaji. Yaron da ya sayo batir a kasuwa, ya fere bakin wayar wuta da reza, ya danna ta a gindin ƙwan tocila, zai iya ganin ƙwan ya ƙi kamawa. Sai ya juya batir, ya kankare tsatsa, ya ƙara matsewa da ɗan yatsa. Ƙwan ya yi ja-ja kamar zai mutu, domin batirin ya sha rana a kan tebur. Idan bakin wayar ya zame ya haɗe kai da gindi kai tsaye, zai ji zafi a yatsa ya saki. A cikin ƴan mintocin nan halitta ta ba shi amsa sau biyar ko shida, kuma ba duka ne amsoshin da yake so ba. A allo kuwa ƙwan yana kamawa kullum, ma'auni yana nuna adadin da dokar Ohm ta ce ya nuna, ba ƙari ba ragi, saboda mai manhajar ya rubuta dokar a ciki tun farko. Ko ɗalibi ya maimaita sau dubu, abin da ya maimaita shi ne maganar mai manhaja. Ba zai taɓa kama dokar da kuskure ta wannan hanya ba, ba zai kuma tabbatar da ita ba. Ido ya gani, amma abin da ya shiga kai ji ne.

Wannan ba zargi ba ne ga masu manhajar, kuma adalci ya sa a faɗi ƙarfinta. Tana nuna abin da ido ba ya iya gani ko a ɗakin gwaji mafi tsada, kamar gudun ƙwayoyin lantarki a cikin waya. Tana barin yaro ya ƙona ƙwai ɗari ba a yi asarar ko ɗaya ba. Wani bincike da aka buga a 2005 daga Jami'ar Kolorado ya samu cewa ɗaliban da suka koyi haɗa wuta ta kwaikwayo sun fi takwarorinsu masu kayan gaske fahimtar darasin, har sun fi su saurin haɗa na gasken daga baya. Sai dai waɗancan ƴan jami'a ne da suka tashi cikin maɓallan wuta, kuma ɗakin gwaji yana jiransu. Yaron Shikal ko na Bonkuku da ba zai taɓa wucewa daga allo zuwa kayan gaske ba, nasa lissafin daban ne. Malaman Musulunci sun raba yaƙini mataki uku, na sani, na ganin ido, da na ɗanɗanawa, kuma Alƙur'ani ya kawo a Suratul Baƙara yadda Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu, ba don rashin imani ba, don zuciya ta natsu. Ɗalibin da ya ce yana son ya gani da hannunsa bai raina malaminsa ba. Hasan Ibn Haisam, mai Kitabul Manaziri, wanda ya rayu a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, littafi guda ya rubuta kan shakkunsa game da Batlimus, wanda duniyar lokacin ke ɗauka ba ya kuskure a ilimin taurari.

Kasancewar abu labari ba aibi ba ne. Mafi yawan abin da kowane mutum ya sani ji ya yi. Babu wanda ya auna nisan rana daga Filinge, kuma ba a ce sai kowa ya auna ba. Abin da ake bukata shi ne ma'aunin karɓar labari, kuma al'ummar Musulmi ba ta rasa shi ba. Suratul Hujurati ta yi umarni da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi, malaman hadisi kuma suka gina fanni sukutum a kai: wa ya faɗa, daga wa ya ji, mai gaskiya ne, mai kiyayewa ne, mutum ɗaya ne ko jama'ar da ba za su haɗu kan ƙarya ba. Ibnus Salah, da ya rasu a 1245, ya lissafa hanyoyi takwas na ɗaukar hadisi. Ta sama ita ce ji daga bakin malami. Ta ƙasa ita ce wijada, wato mutum ya tsinci rubutun wani wanda bai karanta a gabansa ba. Ba a hana amfani da ita ba, amma an wajabta wa mai ita ya ce ya samu ne a rubutun wane, kada ya ce wane ya ba shi labari. Dandalin intanet wijada ce ta wannan zamani, kuma sharaɗinta bai sauya ba. Shafin da ya faɗi sunan marubutansa da jami'ar da ke bayansa da ranar da aka gyara shi yana da isnadi. Bidiyon da ke yawo a WhatsApp ko TikTok, an ɗora masa muryar Hausa yana cewa masana sun gano kaza, ba shi da shi. Manhajojin hira da ke amsa kowace tambaya sun fi wuyar sha'ani, domin da murya ɗaya suke faɗin daidai da kuskure. Amanar da ke wuyan mushe ita ce ya riƙa raba wa yara magana uku a fili: wannan mun gwada mun gani, wannan mun samo shi daga wuri kaza kuma ga dalilin amincewa da su, wannan kuwa ba mu san mai shi ba.

Akwai bambanci ɗaya tsakanin fannonin biyu da bai kamata ya shige ba. Hadisi labarin abin da ya faru ne ya wuce, ba za a maimaita shi ba, shi ya sa nauyin duka ya koma kan halin masu ruwaya, har da addininsu. Labarin kimiyya kuwa sau da yawa ana iya tsallake masu ruwayarsa a tambayi halitta kai tsaye. Don haka addinin Carl Wieman ba ya cikin sharuɗɗan karɓar darasinsa. Sharaɗin shi ne ko maganar tana karɓar gwaji, da kuma ko an gwada.

Wuri mafi sauƙi na fara wannan gwaji shi ne inda darasin baƙi ya yi karo da ƙasar Kurfai. Kayan da aka shirya a Amurka ko Faransa suna koyar da yanayi huɗu na ƙasashen sanyi, yaron kuwa bazara ya sani da damina da kaka da ɗari da rani. Suna nuna bishiya tana zubar da ganye da shigowar sanyi, alhali gawon da ke gonar ubansa da damina yake kaɗe ganye, ya yi kore da rani. Sau da yawa kuma suna zana rana a kudu da tsakar rana duk shekara, inuwa tana fuskantar arewa. Hakan gaskiya ne a Faris. Filinge kuwa tana digiri 14 da ɗoriya arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara rana ke tsayawa daidai tsakar ka, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. A waɗannan ranaku sandar da aka kafa a miƙe inuwarta tana shigewa gindinta, kuma tsakanin ranakun biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa. Tsohon ladan ya san wannan tun ba a haifi mai manhajar ba, domin da inuwa Risala ta koya masa gane zawali da shigar La'asar. Idan allo ya ce arewa sanda ta ce kudu, sanda ce mai gaskiya, kuma yaron da ya kama allo da kuskure sau ɗaya ya koyi abin da darussa da yawa ba za su koya masa ba.

Da wannan sandar ce kuma intanet ke iya yin aikinta mafi kyau, wato haɗa masu gani biyu. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, Eratostenis ya ƙiyasta girman duniya daga bambancin inuwa tsakanin Iskandariya da Aswan, kuma wajen shekarar 830 Halifa Ma'amun ya aika masana filin Sinjar su sake awon. La main à la pâte ta daɗe tana haɗa makarantun ƙasashe daban-daban su maimaita wannan aiki. Filinge da Gaya ta Nijar kusan a kan layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu, tsakaninsu kusan digiri biyu da rabi, kimanin kilomita 275 a miƙe. A ranar da sanda mai tsawon mita ɗaya ta rasa inuwa a Filinge, irinta a Gaya za ta yi inuwar santimita 4 da ɗoriya. Aji biyu su kafa sanduna, su daidaita su da igiya da dutse irin na magina, su aika wa juna awo ta waya, su yi lissafi. Wataƙila ba za su samu kilomita 40,000 cif ba, za su wuce ko su gaza, sai a zauna a bincika ko sandar ce ta karkata, ko ƙasar ba ta kwanta daidai ba, ko an yi awon kafin zawali. Ajin da ya yi wannan ba ya buƙatar a kawo masa Ibn Hazm kafin ya amsa wa mai cewa duniya shimfiɗe take.

Kimiyyar sinadarai ma tana da kayanta a madafa. Ruwan soɓorodo idan aka ɗiga masa lemun tsami jansa ƙara haske yake yi, idan aka zuba masa ruwan kanwa ko na toka sai ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Kanwa a cikin ruwan tsamiya kumfa take tayarwa, kuma kowace mai girki ta san kanwa tana kashe tsamin yakuwa. Darasin gado kuwa ba sai an tsaya ga waken da Mendel ya shuka a shekarun 1860 ba. Arewa kaɗan da Filinge akwai tashar kiwo ta Tukunus, inda tun 1954 ake zaɓen irin shanun Azawak, ana rubuta uwa da uba da yawan nonon kowace saniya, makiyayan yankin kuma sun riƙe asalin shanunsu da ka tun kafin a kafa tashar.

Ruwan sama shi ne inda maganar ta fi taɓa zuciya, domin a kansa rayuwar Kurfai ta dogara. Abin da ke sauka a shekara galibi ba ya kai milimita 500, cikin wata huɗu yake zuba, kuma dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Allo yana nuna rana tana ɗaga tururi daga teku, iskar damina tana turo shi daga kudu maso yamma, ya haɗu ya zama girgije ya zubo. Idan ruwa ya ɗauke kuma, liman yana fita da jama'a bayan gari sallar roƙon ruwa. Yaro ɗaya ne ke zuwa wuraren biyu. A tsarin Sanusi babu karo: zanen yana bayyana yadda al'ada ke gudana, roƙon kuwa yana fuskantar Wanda ya gudanar da ita. Ibn Rushd, da ya rasu a 1198, ya saɓa wa Gazali, mai irin wannan ra'ayi, a nan, yana ganin Allah ya sanya wa sababai tasiri na haƙiƙa, kuma musanta hakan rusa ilimi ne. Duk da saɓanin, babu ɗayansu da ya ce a daina binciken sababi. Kuskuren yana zuwa ta fuska biyu. Mushen da ya ce zanen ya kore bukatar addu'a ya faɗi abin da zanen bai tabbatar ba, mai wa'azin da ya kafirta zanen kuma ya ƙaryata abin da ake gani a murfin tukunya kowace safiya. Ma'aunin ruwan sama a farfajiyar makaranta, irin wanda ake tara alƙalumansa ana karantawa a rediyo da damina, zai amfani ɓangarorin biyu. Cikas ɗin shi ne ana rufe lakwal a ƙarshen Yuni a buɗe a Oktoba, ruwan kuwa a tsakiyar hutun yake sauka, sai an damƙa ma'aunin da littafinsa ga ɗaliban da ke kusa.

Inda saɓani na gaske ya rage shi ne asalin ɗan Adam. Dandalan nan suna koyar da sauyawar halittu a matsayin abin da masana rayuwa suka haɗu a kai, mafi yawan malaman addini na ƙasar kuwa ba su yarda a shigar da Annabi Adamu ciki ba. Ɓoye shafin ba ya magani, tunda yaron zai same shi a wayar yayansa. Abin da gaskiya ke nema shi ne a faɗi me masanan suka ce da hujjar da suka dogara da ita, irin ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadufawa ta ƙasar Agadas, waɗanda ake iya ganin irinsu a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, a kuma faɗi abin da malamai suka ce da dalilinsu, ba tare da an yi wa kowane ɓangare ƙarya ba.

Harshe ƙarin shamaki ne. Yaron da ke kallon kwaikwayo da Faransancin da bai gama ji ba, abu biyu ne tsakaninsa da halitta, allon da kuma harshen. Abdu Mumuni Jofo, masanin fiziyar da aka haifa a Tasawa a 1929, wanda ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana na Nijar kuma Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka da a koyar da yara da harsunansu. An buɗe makarantun gwaji masu harsunan gida a 1973, kuma kundin da gwamnati ta fitar a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ayyanawa ba ta fassara darasi ko ɗaya. Wannan aikin malaman kimiyya ne masu jin Hausa, kuma bai tsaya ga fassara ba. Zurfin rijiyoyin cikin Dallol, inda ruwa ke kusa, da na kan tudu, inda igiyar guga ke yin tsawo, da sunayen itatuwan Kurfai, aduwa da magariya da kalgo da sabara, da lokacin furensu, ba za su shiga kowane dandali ba sai ƴan ƙasar sun rubuta su sun saka.

Hali mafi tsanani shi ne na yaron da ba shi da mushe ko kaɗan. Hare-haren ƴan bindiga sun rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tillaberi a shekarun nan, iyalai da yawa daga arewacin yankin sun bar garuruwansu. Ga irin wannan yaro wijada ce kaɗai ta rage, kuma Ibnus Salah da kansa ya rinjayar da yin aiki da ita idan an amince da asalin rubutun, saboda ƙin hakan zai toshe ƙofar ilimi ga mutanen baya. Katin waya mai ɗauke da darussan da hukumar ilimi ta tace ya cika wannan sharaɗi. Sauran tambayar ita ce a hannun wa wayar take. A gida galibi ta uba ce ko ta babban wa, yarinya ce ta ƙarshe da za ta taɓa ta. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa a Nurul Albabi da barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, ƴarsa Nana Asma'u, da ta rasu a 1864, ta kuma tsara yadda karatu zai kai ga matan ƙauye. Ba ta aika takarda ita kaɗai ba. Ta horar da jajojin ƴan taru, su karɓi darasi a gabanta, su koma garuruwansu su koyar, su dawo a ji abin da suka riƙe a ƙara musu. A unguwannin da ƴan gudun hijira suka sauka, wanda zai tsaya a matsayin jaji shi ne mushen da shi ma aka raba da makarantarsa, ko ɗalibar lise da ta fi sauran nisa, a ba ta waya da faifan sola da batir da ƙwan tocila da sanda mai tsawon mita ɗaya, a kuma sa mata lokacin da za ta riƙa komawa wurin malami ya duba littafin awonta.